Yayana ya rasa gani bayan aikin bawul ɗin zuciya, ina mafita?

Ɗan Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya san harkar nan.

Yayana ɗan shekara 43 ne, malamin makaranta. Tun yana saurayi yake fama da ciwon zuciya, irin wanda aka ce ciwon maƙogwaro na yarinta ke haifarwa. Mako bakwai ke nan da yi masa aiki a wani asibiti a ƙasar waje, aka cire bawul ɗin da ya lalace, wanda suke kira mitiral, aka sa na ƙarfe. Ta ɓangaren zuciya alhamdu lillahi, numfashi ya daidaita, kumburin ƙafa ya saɓe. To amma kwana biyu da farfaɗowarsa sai ya ce ɗakin ya yi masa duhu. Yanzu idon hagu haske kawai yake rarrabewa da duhu. Na dama yana ganin fuskar mutum, amma daga ƙirji zuwa ƙasa babu, ko buta aka ajiye sai ya yi tuntuɓe da ita. A takardar sallama sun rubuta cewa jijiyar gani ce ba ta sami isasshen jini ba.

Mun dawo Daura, kan gida ya rabu. Wasu sun ce ƙwayar wafarin, mai hana jini daskarewa, ita ce ta ci masa ido, a daina ba shi. Inna kuma an kawo mata labarin wani mai magani da ke ɗiga ruwa a ido, ana kuma batun a yi masa ƙaho a ƙeya. Shi kuwa ko masallaci ya daina fita.

Don Allah, ganin nan zai dawo? Tabarau zai taimaka? A tsayar da wafarin ɗin? Kuma yaya za mu yi da shi a gida?

Likitan ido, Katsina:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba Malam lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kafin komai: kada a tsayar da wafarin ko na kwana ɗaya ba da izinin likitan zuciya ba. Ba ita ta taɓa idon ba. Bawul ɗin ƙarfe jini yana daskarewa a jikinsa in babu wannan ƙwaya, gudan jinin kuma in ya ɓalle, ko ya toshe bawul ɗin, ko ya tafi ƙwaƙwalwa, ko ya tafi idon da ya rage. Ka isar wa manya da wannan yau.

Rasa gani bayan aikin zuciya ba ya yawan faruwa. A manyan ƙididdigar da aka yi a Amurka bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Hanya uku ce yake zuwa, kuma sanin wace ce shi ke nuna abin da za a yi tsammani.

Ta farko ita ce aka rubuta muku. Lokacin aikin, inji ne ke riƙe aikin zuciya da huhu. Ana tsinka jini da ruwa don ya bi ta injin, awon jini yana sauka, wani kuma ya zubar da jini da yawa. Kan jijiyar gani, wurin da take shiga ƙwayar ido, ƙananan hanyoyin jini ne ke ciyar da shi, kuma wurin matsattse ne. In jini ya gaza na wani lokaci sai jijiyar ta kumbura, kumburin ya ƙara matse hanyoyin, wani sashe ya mutu. Shi ya sa sau da yawa ba a farkawa da shi nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma yana iya kama ido biyu. Rasa rabin ƙasa na gani, yadda ka kwatanta, alamarsa ce da muka sani sosai. Ta biyu, ɓarɓashin allin da ya taru a tsohon bawul, ko gudan jini, ko kumfar iska, ya toshe hanyar jinin shimfiɗar bayan ido, wadda ke karɓar hoton abin da ake kallo. Wannan ido ɗaya yake kamawa, farat ɗaya, ba ciwo. Ta uku, idanun lafiyarsu ƙalau, bayan ƙwaƙwalwa ne ya sami toshewar jini, sai mutum ya daina ganin ɓangaren dama ko na hagu da idanun duka biyu.

Ba zan ɓoye maka ba. Jijiyar gani in ta mutu ba ta tohowa, kuma har yau babu allura ko ƙwaya ko tiyata da aka tabbatar tana dawo da ita. Kumburin yana saɓewa cikin mako shida zuwa takwas, kan jijiyar ya koma fari. Wasu suna samun ɗan ƙari cikin watanni shidan farko, amma kada a ɗora rai a kan idon hagu. Ido kamar ƙwan lantarki ne, jijiya ce wayarsa; in waya ta tsinke, goge ƙwai ba ya kawo wuta. Don haka tabarau ba zai dawo da rabin da ya tafi ba, sai dai ya gyara rabin da ya rage, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. A auna shi, a yi masa da gilashin roba mai ƙarfi wanda ba ya fashewa, ya riƙa sawa kullum, domin ido ɗaya ne jarinsa yanzu.

A kawo shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina cikin makon nan, tafiyar wajen kilomita 80 ce daga Daura. Ku zo da takardar sallama da duk magungunansa a cikin kwalayensu. Abin da ya kamata a yi: awon gani na kowane ido shi kaɗai, haska ɗan-ido da tocila a ga yadda yake tsukewa, awon matsin cikin ido, ɗiga magani a buɗe ɗan-ido a duba jijiya da shimfiɗar baya, sai gwajin faɗin gani na na'ura, wanda ke zana taswirar inda yake gani da inda ba ya gani. A ajiye wannan takarda, da ita za a kwatanta bayan wata uku. In ana buƙatar hoton jijiya na OCT ko kayan taimakon masu raunin gani, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. In kuma an ce a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, bawul na zamani da wayar da aka ɗinke ƙashin ƙirji da ita ba sa hanawa, a dai nuna musu katin bawul ɗin.

Idan dubawa ta nuna hanyar jinin shimfiɗar ido ce ta toshe a hagu, sai a riƙa kawo shi duk wata na tsawon watanni, saboda irin wannan ido yakan fitar da sababbin jijiyoyin jini marasa kyau su jawo hawan jinin ido mai tsananin ciwo.

Aikinmu yanzu tsare na dama. Kada awon jininsa ya faɗi ƙasa sosai, musamman da dare. In yana jin jiri idan ya miƙe, likitan zuciya ya duba yawan magungunan hawan jini da na fitsari. A auna PCV, wato yawan jinin jiki, domin ƙarancin jini yana cutar da jijiyar. In yana minshari mai yankewar numfashi a faɗa. Maganin ƙarfin maza irin su sildenafil, da haɗe-haɗen da ake tallarsu a kasuwa, ya nisance su ƙwarai. Sannan a duba ledar magungunansa: amiodarone, da ake bayarwa don bugun zuciya marar tsari, yana iya taɓa jijiyar gani, digoxin in ya yi yawa mutum yakan ga komai rawaya-rawaya. Kada ku tsayar da kanku, ku nuna mana.

Ruwan mai magani kuwa, ina roƙon Inna da girman Allah kada a ɗiga. Ciwon yana can bayan ido inda ruwan ba ya kaiwa, abin da zai iya kawai shi ne ya ƙona gaban idon da ke gani.

In wata rana duhu ya sauko wa idon dama, ko da na minti biyu ne ya wuce, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Shimfiɗar ido ba ta jure rashin jini fiye da 'yan awoyi.

Mai harhaɗa magunguna, Ƙofar Ƙaura:

Likita ya gama magana a kan ido. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne mutumin da ba ya ganin abin da ke tafin hannunsa kuma yana shan wafarin. Ganin rabin ƙasa ne ya tafi, nan ne kuma ƙwaya take.

Kada a dogara da launi. Wafarin da ke zuwa daga Ingila, mai miligiram 1 ruwan ƙasa ce, mai 3 shuɗiya, mai 5 ruwan hoda. A tsarin Amurka kuwa ruwan hoda ita ce mai miligiram 1. Ka ga in an canza kamfani, mutum zai iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa, ko kashi ɗaya cikin biyar, yana ganin daidai yake. A karanta lambar da ke jikin kwali duk lokacin da aka sayo sabo.

Mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin magani, ba yau wannan gobe wancan ba. A sayi akwatin magani mai gida bakwai, a cika shi ranar Juma'a da rana cikin haske, a ɗaura robar ɗaure kuɗi a gefen da Asabar take don ya gane farko da hannu. Wafarin sau ɗaya ce a yini, lokaci ɗaya. Bayan sallar isha'i ya fi sauƙin riƙewa. In an manta aka tuna a daren, a sha. In sai da gari ya waye, a bar ta, a rubuta a littafi, kada a haɗa biyu.

Gwajin INR, mai nuna saurin daskarewar jini, shi ne ma'aunin aikin wafarin. Ga mai bawul ɗin ƙarfe a mitiral yawanci ana son ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, amma a bi lambar da likitansa ya rubuta. Ƙasa da haka jini zai daskare, sama da haka zai tsinke. Yanzu da aikin yake sabo a riƙa yi duk mako ko mako biyu, in ya zauna a koma duk mako huɗu, kuma gara a tsaya a ɗakin gwaji ɗaya.

Zogale, alayyafo, rama, kuka, kabeji duk suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wafarin. Ba a hana shi miyar kuka ba. Abin da ke ɓata lissafi shi ne ya yi wata bai ci ganye ba, damina ta zo a riƙa kwaɗa masa zogale safe da yamma. Ya ci gwargwado ɗaya kullum, a daidaita ƙwaya a kan haka.

A kemis ne aka fi samun matsala. Flagyl, Septrin, cipro, fluconazole da erythromycin suna ɗaga INR cikin 'yan kwanaki. Rifampicin na tarin fuka yana karya shi, abokin tafiyarsa ethambutol kuma yana cutar da jijiyar gani. Ibuprofen, diclofenac, Feldene da haɗin "ciwon jiki" da ake ƙullawa a leda suna sa ciki ya zubar da jini; farasitamol kawai, shi ma ba a wuce ƙa'ida. Allurar ɗuwawu a kemis, a'a. Allurar fenisilin ta wata-wata da ake yi wa masu irin ciwon zuciyarsa, likitan zuciya ne zai ce ko a ci gaba da ita ko a koma ƙwaya. Jiƙo da sassaƙe ba wanda ya san abin da za su yi wa INR. Ƙaho kuwa tsaga fata ne a jikin wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta ta shiga jini ta sauka a kan bawul. A ba wanzami haƙuri.

Zazzaɓi ma kada a yanke masa hukuncin na sauro ne kawai. In gwaji bai nuna ba, ko an sha magani bai sauka ba, a je a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji, a ga ko da ƙwayar cuta a ciki, kafin a fara kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cire haƙori ma sai an sanar da likita, akan ba da amoxicillin giram 2 minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara.

Baƙin bayan gida, jan fitsari, haɓon da ya wuce minti goma, duk na asibiti ne. In ya faɗi ya bugu a ka, a kai shi ko babu rauni a waje. Kuma wannan ƙyas-ƙyas na bawul ɗin ƙarfe da kuke ji a ƙirjinsa, in ya dushe, numfashi ya fara wuya, kada a jira safiya.

Ɗan Daura:

Allah Ya saka da alheri, ranku ya daɗe. Na karanta wa Inna da Baffa, an janye maganar ƙaho. Akwai abin da ban faɗa ba. Jiya matarsa ta ce yakan ce yana ganin wasu ƙananan mutane da riguna masu ado suna wucewa ta jikin bango, musamman da magariba. Ya san babu su, amma ya tsorata, an fara cewa iska ce. Sannan azumi fa, zai iya?

Likitan ido, Katsina:

Wannan sananne ne ga wanda ya rasa gani da yawa. Ƙwaƙwalwa ta saba karɓar hoto daga ido, da ya yanke sai ta riƙa ƙirƙiro nata. Ana kiransa da sunan Charles Bonnet, mutumin Suwizalan da ya bayyana shi a 1760 a kan kakansa. Alamarsa ita ce abin da ka faɗa: hoto ne kawai, ba murya, kuma mutum ya san ba gaskiya ba ne. Ba taɓin hankali ba ne. Ya kunna fitila tun kafin magariba, in sun zo ya ƙifta ido da sauri, ya juya idanu dama da hagu, ko ya tashi ya canza wuri. Yawanci yana raguwa da tafiyar watanni. A yi masa addu'a da tofi, amma kada a turara masa hayaƙi a fuska ko a ba shi abin sha da ba a san haɗinsa ba. In ya fara jin muryoyi, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko da zazzaɓi, wannan wani abu ne daban, a kawo shi.

Azumi, likitan zuciya ne zai yanke. Ra'ayina, wanda bai daɗe da aiki ba, yana shan maganin fitsari, ga zafin bazarar Daura da ke haura digiri 40, ga jijiyar da rashin jini ya riga ya taɓa, bai kamata ya yi ƙishirwar yini ba. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Malama mai koyar da masu larurar gani:

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni zan yi magana a kan zaman gida, domin abin da ya fi cin mutum a wannan hali shi ne a mayar da shi kaya, a zaunar a ɗaka ana kawo masa komai.

Ku fara da tsakar gida. Buta, turmi, kurfoti, igiyar shanya, takalman yara, kowanne ya sami wurinsa na dindindin a jikin bango, in an matsar a gaya masa. Ƙofa ta kasance a buɗe gaba ɗaya ko a rufe, rabin buɗewa ita ke fasa goshi. Rijiya a yi mata murfi mai nauyi. Dokin ƙofa da bakin matakala a shafa musu farin fenti ko rawaya faɗin yatsu uku. Daga ɗakinsa zuwa bayi a ja igiya daidai ƙugu, a yi ƙulli inda za a juya, a sa fitila mai caji a hanyar. A bayi a kafa ƙarfen riƙewa, a kankare gansakuka. Dardumarsa a bar ta shimfiɗe tana fuskantar alƙibla.

Tunda sama yake gani, ya koyi sunkuyar da haɓa yana share ƙasa da ido, taku uku zuwa huɗu a gabansa, sannan ya ɗago. Kan kuma ya riƙa juya shi hagu, inda babu ido. Mai ido ɗaya yana kuskuren nisa, zai miƙa hannu ya wuce kofi. Ya riƙa jan hannu a kan tabarma har ya taɓa abu. Wajen zuba shayi bakin buta ya taɓa bakin kofi, kofin kuma fari ne don shayin ya fito. Wannan yana gyaruwa cikin watanni. Tuwo a gaya masa da agogo: tuwo ƙarfe shida, miya ƙarfe goma sha biyu, ruwa ƙarfe uku.

Wajen jagora mutane suna kuskure sosai. Ba a jan sa da hannu ko da sanda, ba a tura shi ta baya, balle mai ƙashin ƙirjin da bai gama haɗewa ba. Shi zai riƙe hannunka sama da gwiwar hannu, ka wuce shi da rabin taku, ka tsaya a gefensa na hagu. Kafin kwata ko matakala ka dakata ka ce "hawa" ko "sauka". Kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo biyar sai likita ya sake shi, bokitin ruwa ɗaya ya ninka haka.

Farar sanda zai ƙi ta da fari, don yana ganin ta bara ce. Ku bi shi a hankali. Ga wanda ya rasa ganin ƙasa, ita ce ke gano masa kwata da dutse, shi kuma ya bar idonsa ga babura da mutane. Tsawonta daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙirji. Ana riƙe ta a tsakiya, tana share faɗin kafaɗu, in ƙafar dama ta fita sanda tana hagu. A fara da hanyar masallaci da rana, kullum hanya ɗaya, ana ambata masa alamomi: bishiyar dogon yaro, shagon mai awo, inda siminti ya ƙare yashi ya fara. Bayan mako biyu ka koma bayansa kana bi, kada ka yi magana sai da haɗari. Tuƙin mota da babur dai ya ajiye.

Aikinsa bai ƙare ba. Littafi a ɗaga shi a kan abin karatu daidai ido, a sa baƙin kwali ƙarƙashin layin da yake karantawa, fitila ta fito ta bayan kafaɗar dama. A waya a ƙara girman rubutu, a kunna manhajar da ke karanta rubutu da murya, TalkBack in Android ce, VoiceOver in iPhone ce. Manhajar Be My Eyes tana haɗa shi da mai gani ta kyamara ya karanta masa takarda. Kuɗi, naira 5 zuwa 50 na leda ne, hannu yana gane su. 200 a ninka biyu, 500 a ninka ta tsawo, 1000 a bar ta miƙe a aljihu daban. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda larura. Ya karɓi rahoton likitan ido a rubuce, ya nemi a ba shi aji na ƙasa mai haske da wanda zai taya shi duba takardun jarrabawa. Makarantar makafi da ke Katsina da reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya za su haɗa ku da mai koyar da sanda.

Baƙin ciki kuma a sa masa ido. In ya yi mako biyu ba ci, ba barci, ba ya son magana, ko ya fara cewa gara a ce bai tashi daga aikin ba, a gaya wa likita kai tsaye, akwai magani, kuma dole a zaɓi wanda ba zai rikita wafarin ba. Masu zuwa dubiya su riƙa faɗin sunansu in sun shigo, su yi magana da shi ba da matarsa ba, in za su fita su ce sun fita. Ita ma matar a samo mai karɓarta kwana biyu a mako.